Ranar Da Aka Sauko Da Ni Daga Tudun Kuje A Baro

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma wallahi na gwada), da wata safiyar Asabar da na yi a Kuje. Amma bari in faro daga tushen maganar, wato tumbina.

Na fi shekara goma ina aiki a wani ofishin gwamnati a Garki. Aikina sa hannu a fayil, motsa jikina kuwa bai wuce daga mota zuwa kujera ba. Rannan likita ya auna jinina, ya sake aunawa, sannan ya cire tabarau ya dube ni. "Alhaji, ko ka rage wannan cikin, ko wata rana a kawo mini kai a kwance." Ban yi dariya ba. Hawan jini ne ya shanye wa mahaifina ɓarin jiki, kuma na ga yadda ya ƙare shekarunsa sai an juya shi a gado. Na tsorata ƙwarai, don ƙaramar 'yata ko firamare ba ta gama ba.

Washegari na shiga wani gidan motsa jiki kusa da ofis, na ce a haɗa ni da koci nawa ni kaɗai. Aka kawo mini biyu in zaɓa. Na farko sunansa Danladi, siriri ne kamar bai taɓa ƙoshi ba. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Oga, ina takarda na likita? Sai na gani tukuna. Za mu fara da tafiya, minti ashirin kullum." Raina ya ɓaci. Mataimakin darakta guda, a ce ya biya a koya masa tafiya? Ai tun ina shekara ɗaya na iya.

Na biyun kuwa, wanda ake kira Kwamanda, ƙirjinsa kaɗai ya cika ƙofa. Yana ganina ya sara mini. "Ciyaman! Wannan jiki ai na ɗan ƙwallo ne, kitse ne kawai ya rufe shi." Nan take na ji kaina ya kumbura. Na gyara tsayuwa na ce masa lamba tara nake bugawa a sakandare. (Na taɓa sa rigar lamba tara, gaskiya ne: ranar ɗaukar hoton ƙungiya, da mai ita bai zo ba.) Kwamanda bai tambayi jinina ba, ni ma ban ga dalilin ɓata hira mai daɗi ba. Ya ce tsohon ɗan wasa irina ba sai an lallaɓa shi ba, ranar Asabar za mu je wani tudu a bayan Kuje mu tayar da tsohon ƙarfi.

Na sayi sabon kambas da kayan motsa jiki masu ruwan ɗorawa. Na sanar da duk ofis, har da waɗanda ba su tambaya ba. Maiɗakina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Abban Hafsa, ka dai gaya masa abin da likita ya ce ko?" Na ce mata harkar 'yan wasa ce, ba za ta gane ba.

Ranar Asabar muka fara hawan tudun da gudu. Minti uku na farko, ni kaina na burge kaina. A na biyar numfashina ya koma kamar na tsohon janareto. Kwamanda ya yi gaba abinsa, waya a hannu yana ɗaukar kansa bidiyo, har ya ɓace a bayan bishiyoyi. Ina cikin wannan hali sai na ji an ce, "Sannu, Oga." Wata dattijuwa ce 'yar Gbagyi, da damin itace a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka, silifas ɗinta ɗaya an ɗaure shi da leda. Tafiya take, ni kuma gudu nake, amma ta wuce ni.

Zuciya ta ɗebe ni, na ce sai na kamo ta. Abin da na sani bayan nan shi ne ina zaune dirshan a gindin mangwaro, duniya tana juyawa, dattijuwar ta sauke itacenta tana yi mini fifita da gefen zane.

"Oga, wane ne yana kore ka?"

"Ba kowa, Mama. Motsa jiki nake."

Ta kalli kambas ɗina. "To da ka zo gona na mana. Doya yana nan yana jira a haƙa."

Na yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafafuna suka ce ba da su ba. Ta ƙwala wa mijinta kira daga gona, ya zo da baron da yake kwasar doya. Na roƙe su a bar ni in huta, suka ce rana tana tahowa, kuma ba za su bar baƙo ya mutu a bakin gonarsu ba. Haka aka ɗora ni, ƙafafu a waje suna reto, doya biyu a ƙarƙashin ƙuguna don ba a kwashe duka ba.

Muna isowa bakin titi, inda na bar motata, sai ga Madam Rahila, sakatariyata, da kwandon cefane. (Na manta sam a Kuje take zaune.) Matar da kullum nake yi wa wa'azi a kan kamun kai a bakin aiki. Ta dube ni, ta dubi baron, ta rusuna kamar muna ofis.

"Ina kwana, Yallaɓai. An fito motsa jikin?"

Na ce, "An fito." Tsohon bai ma tsaya da turi ba.

Sai bayan rabin awa Kwamanda ya sauko yana cewa, "Ciyaman, ka yi ƙoƙari! Mako mai zuwa sau biyu za mu hau." A nan muka yi sallama ta har abada.

Ranar Litinin na nemi Danladi, na zayyana masa komai, har batun mahaifina. Bai yi dariya ba, sai da na kai wajen doya. Yanzu kullum da safe muna zaga unguwa a ƙafa, yana tafe a gefena yana sauraron numfashina. An rage wa wandunana ƙugu har sau biyu, likita ya daina cire tabarau in ya auna ni, ina kuma barci mai daɗi, alhamdulillahi. Madam Rahila ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma ban ƙara hana ta izinin tashi da wuri ba.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka zaɓi koci, ɗauki wanda ya ɓata maka rai da tambayoyi. Wanda ya yarda da duk ƙaryar da ka yi masa, a kan tudu zai bar ka ka kare ta kai kaɗai.