Ranar da Na Ture Likitar Jijiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar kawuna a Toranke ba, ko da kuwa na so in manta, don har yau 'yan uwa ba su bar ni na manta ɗin ba.

Ina da ɗan shagon magani a Gaya. Karatun kiwon lafiya na shekara biyu na yi, amma unguwa kaf "Sista" ake ce min, tsofaffi ma har "Likita". (Ban taɓa gyara wa kowa ba, Allah Ya yafe min.) Duk inda za ni da na'urar awon jini a jaka, ko gaisuwar mutuwa ce.

A lokacin Innarmu ta fi shekara goma da ciwon suga, ga wani sabon abu ya same ta: da ta miƙe tsaye sai jiri ya kwashe ta. Sau biyu tana faɗuwa, har ta fasa goshi a bakin rijiya. Na auna ta a kwance na ga jininta ya hau, sai na ƙara mata ƙwayar hawan jini. Faɗuwar ta ƙaru, na ce jinin bai ji maganin ba ne, na sake ƙarawa.

Ranar yinin biki muna tsakar gida ana aikin abinci. Kusa da ni wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, atamfarta duk ta koɗe, tana yanka albasa tana hawaye. Ta ga yadda Inna ke dafa bango, ta tambaye ni a hankali me ke damunta. Ai kuwa na samu wurin baje koli. Na yi mata bayanin hawan jini tun daga tushe, har da zana zuciya a ƙasa da tsinke. Ita dai "to" kawai take cewa.

Ana kiran azahar Inna ta yunƙura za ta yi alwala, ta yi taku biyu, ta sulale. Mata suka sa salati. Kafin in tashi, mai albasar nan ta riga ni, ta kwantar da Inna tana ɗaga mata ƙafafu bisa turmi. Ni kuwa na zo na sa gwiwar hannu na ture ta, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Baiwar Allah, matsa! Wannan ba aikin albasa ba ne, aikin masu ilimi ne."

Sai matar kawuna, uwar amarya, ta dafe ƙirji ta ce, "Ke! Dakta Rakiya kika ture?"

Sunan na sani, fuskar ce ban sani ba. Wa bai san labarinta ba a yankinmu? 'Yar manomin gyaɗa ce a nan Toranke, da ƙafa ta yi sakandare a Ajingi, ta karanci likitanci, ta tafi ƙasar waje ta ƙware a ciwon jijiya. Aka so riƙe ta can, ta ce mutanenta ma suna da jijiyoyi, ta dawo Kano. Likitoci da yawa a hannunta suka koyi aiki. Ni kaina na sha ce wa masu sayen magani, "Ai Dakta Rakiya tamu ce," kamar tare muke karyawa.

Wallahi ji na yi zanina ya yi min nauyi. Inna kuma ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Ku ƙyale ta, 'yata ma likita ce." (Inna, da ma kin ƙara minti biyar a sume.)

Dakta ba ta ko ɗaure fuska ba. Cewa ta yi, "Madalla, ƙanwata, ɗauko na'urarki, ke za ki auna." Na auna a kwance. Ta sa aka tsayar da Inna ana riƙe da ita, bayan minti uku na sake aunawa. Jinin ya faɗi warwas.

Ta durƙusa ta riƙa tambaya. "Inna, ƙafafunki suna yin gumi? Kina jin kamar kina taka auduga? Loma kaɗan ke cika miki ciki?" Inna tana ta cewa, "Ƙwarai, 'yar nan, wa ya gaya miki?" Shekara guda muna kwana ɗaki ɗaya, ko ɗaya ban taɓa tambayarta ba.

Sannan ta ja ni bayan rumbu, inda ba mai jin mu. Ta ce akwai jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba, su ke kula da bugun zuciya da gumi da narkar da abinci, su ke matse hanyoyin jini idan mutum ya miƙe don kada jinin ya zube ƙafa. Suga ya taɓa na Inna. Ta karɓi ƙwayoyin ta duba, ta ce, "Waɗannan ne ke ƙarasa kayar da ita. Kin kula da ita, na gani. Amma daga yau ki riƙa auna mutum a tsaye ma, kuma abin da ya fi ƙarfinki ki tura gaba." Ta ce in kawo ta asibiti ranar Talata. Daga nan ta wanke hannu ta koma kan albasarta.

Mun je. An gyara magani, an ɗaga wa Inna kan gado, an koya mata ta zauna tukuna kafin ta miƙe. Yau shekara biyu ba ta faɗi ba, da ƙafarta take zuwa kasuwar Gaya.

Ni kuwa na koyi cewa "ban sani ba, ku je asibiti," kuma ban ga harshena ya karye ba. Yanzu idan na fara yi wa mutum bayani na ji yana ta ce min "to, to" cikin natsuwa, sai in tsaya in tambaye shi aikin da yake yi tukuna.