Alewar Faransa daga Hanyar Vom

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai wa baban Hadiza tsaraba ba. Lokacin ina neman aurenta, kuma tsohon bai gama yarda da ni ba. Cewa yake bakina ya fi aikina yawa (yanzu dai na yarda, gaskiyarsa ce).

Na kai dankalin Turawa Yamai, babban birnin Nijar, fitata ta farko ke nan daga Najeriya. A wani babban kanti na ga alewar madara cikin kwali mai ƙyalli, ko'ina rubutun Faransanci. Na ce yauwa, wannan ce za ta karya lagon tsoho. Na sayi katan guda, na ɗoro shi a cinya har Jos.

Na ci gayu na nufi Anguwan Rogo. Bayan gaisuwa a zaure, na tura katan gabansa.

"Baba, kayan Faransa ne. Ba irin tarkacen da ake yi mana a nan ba."

Ya juya katan ɗin, ya daɗe yana kallo. Maimakon in kama bakina, sai na ƙara da cewa madarar shanun Turai daban take, ko a harshe ana ji.

"Ikon Allah," in ji shi, yana shafa kwalin. "Ashe kin dawo gida."

Da alewar yake! Ashe wasu Indiyawa ne suka zuba jari, suka kafa masana'anta a hanyar Vom, nan kusa da Jos, da madarar shanun Fulaninmu. Tunda an sassauta haraji tsakanin ƙasashen yankin, sai suke buga kwalin da Faransanci su tura Nijar da Benin. Direban da ke kai kayan Yamai kuwa Baba ne. Na san babbar mota yake ja, amma ban taɓa tambayar abin da yake ɗauka ba.

Ya ɗaga murya: "Hadiza! Kawo wa baƙo alewar Faransa, wadda muka jibge a bayan ƙofa."

Ta shigo da faranti cike taf da irin alewar da na kawo, tana cije leɓe kada dariya ta ƙwace mata. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Haka na zauna ina tsotsa, Baba na tambayata ko ta kai tawa daɗi.

Na daɗe ban ko bi ta layinsu ba, na riga na cire rai. Baba ne da kansa ya aiko in turo magabatana, wai gidansa na buƙatar mai ba shi dariya.

Shawarata ga samari: kafin ka yi wa suruki burga da kayan waje, fara leƙa bayan motarsa.