Rasuwar Mai Ƙirga Baƙin Shafina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa ta dubi mutane, ni mai shafin kiwon tantabaru a intanet, a madadin kaina da iyalina da ba su ce in wakilce su ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mai Ƙirga, ɗan akwatin nan da ke zaune a ƙasan shafina yana ƙidaya duk wanda ya leƙo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan teburina na shagon buga takardu inda nake aiki, bayan gajeruwar jinya.

Marigayin ya zo hannuna kyauta, cikin 'yan manhajojin nan da ake liƙa wa shafi don ƙara masa aiki ko kwalliya. Tun daga ranar ban taɓa ganin ɓacin ransa ba. Bai san komawa baya ba, kullum gaba yake yi. Duk sanda aka buɗe shafin sai ya ce “ƙilin!” a wayata, ni kuma in gyara zama. Ina cin abinci, “ƙilin!” Ina sa takarda a inji, “ƙilin! ƙilin!” Da lambarsa ta shiga dubbai sai tafiyata ta canza. Mai askina ya sha labari har ya daina amsawa, ya koma gyaɗa kai kawai. Na gaya masa har ƙasashen waje ana karanta ni. Ban gani ba, amma marigayi bai ƙaryata ni ba.

Cikin alheransa har da ba ni uzuri. Mahaifinmu yana gidan Yayata tun da idonsa ya tafi, a ɗakin da ke kusa da famfo, kuma daga shagonmu zuwa can tafiya ce da ko gumi ba ta sa mutum. Yaya takan kira ta ce, “Kai, Baba fa yana cigiyarka.” Ni kuma in ce, “Yaya, ki gane, jama'a na jira na. Ina gama rubutun nan zan shigo.” Sai in juya mata wayar a tunanina, kamar tana ganin lambar. Haka sati ya riƙa bin sati. Matata ta yi magana har ta gaji, ta ce in dai mutanen nan haka suke so na, su zo su ɗauke ni su riƙe.

Ya rasu ya bar 'yan'uwa da dama, waɗanda duk ni na tara su a shafin ba tare da na tambayi amfanin ko ɗaya ba. Akwai agogo mai nuna lokacin wata ƙasa. Akwai furannin da ke zubowa daga sama suna rufe rubutu. Akwai maɓallin tura wa aboki, wanda har yau yatsa bai taɓa shi ba, sai akwatin sharhi da masu tallan maganin sanƙo suka mayar gidansu. Amininsa na ƙut-da-ƙut shi ne Mai Gaisuwa, wata manhaja da na naɗa wa muryata, wadda da an buɗe shafin take cewa, “Sannu da zuwa, babban baƙona. Ka zauna, gidanka ne.” Tare suka rasu, kamar yadda za ku ji.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga bakina. Mai aski ya tambaye ni wace ƙasa ce ta fi karanta ni, ni kuwa ban sani ba. Sai na je wurin mai gyaran kwamfutocin shagonmu, wanda muke kira Injiniya, na ce ya sa mini abin da zai nuna inda baƙina suke. Ya sa mini wata sabuwar manhaja, ya ce ita mutane take ƙirgawa, ba buɗewa ba, har irin wayar mutum takan faɗa. Na bar ta ta yi kwanaki tana aiki, sannan na buɗe da zumuɗi. Baƙon waje dai babu ko na rantsuwa. 'Yan tsirarun mutane ne suka ratso, kowa ya leƙa ya fice, sai kuma waya guda ɗaya, a cikin garin nan, wadda ita ce ke shiga tana fita tun safe har yamma. Na ce sabuwar manhajar nan ƙarya take yi, hassada ce irin ta baƙo da ɗan gida. Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya koma kan aikinsa.

Ran Talata shafin ya yi fari fat. Injiniya ya ce kaya sun yi masa yawa, tsofaffi da sabuwa ba sa jituwa, sai an sauke wasu. Kafin ya gama magana akwatin marigayi ya zama wayam. Ko “ƙilin” na ban kwana bai yi ba. Mai Gaisuwa ma ya yi shiru.

Washegari Yaya ta shigo shagon da mayafinta a kafaɗa, ta ajiye mini wata waya a kan takardun mutane. Na gane ta tun kafin ta sauka: tsohuwar wayata ce mai tsagaggen gilashi, wadda na ba Baba da na sayi sabuwa.

“Baba ya ce a kawo maka ka duba,” in ji ta. “Wai ta daina gaishe shi.”

“Wace gaisuwa kuma?”

“Taka mana. Ni na sa masa shafin nan naka a fuskar wayar, na nuna masa inda zai ɗora yatsa. In ya danna sai ya ji ka ce masa sannu da zuwa, ya amsa, ya sake dannawa. Wuni yake yi a haka. Jiya ko abincin kirki bai ci ba.”

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya fi yi mini ciwo. Na duba sunan wayar, na duba wanda sabuwar manhajar ta rubuta, babu bambanci. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Ashe jama'ar da ke jira na mutum ɗaya ne, kuma da gaske jiran nawa yake yi.

Ina roƙon jama'a kada a zagi mamaci. Bai taɓa ƙara ko ɗaya daga aljihunsa ba. An buɗe ya ƙirga, aikinsa ke nan. Bai ce mini mutum dubu ba ne, ni na faɗa. Masu shafuka irina kuma, kafin ku liƙa wa shafinku wani abu ku tambayi me zai gaya muku, in kuma ya gaya muku abin da ba ku so, kada ku yi saurin ce masa maƙaryaci.

An riga an yi jana'iza. Injiniya ne ya goge shi, ni na tsaya a kansa, furanni da agogo suka bi bayansa. Injiniya ya ce zai iya tayar da Mai Gaisuwa cikin minti kaɗan, na ce ya bar shi ya huta.

Za a karɓi gaisuwa a gidan Yaya, ɗakin da ke kusa da famfo, kullum bayan an tashi daga aiki, kuma ba a sa ranar tashi ba. A can za a same ni a bakin gado. Kada kowa ya zo da tambayar shafi, musamman mai aski. Wanda zai shigo ya matso kusa ya kama hannun Baba tukuna kafin ya yi magana, don jiya da na tsaya a bakin ƙofa na ce masa sannu, murmushi ya yi, ya kai hannu ƙarƙashin matashi yana laluben waya.