Rabin da Na Nema a Ƙuba

Shekarata ta biyu ina aiki a Madina, farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin, likita ya dubi tumbina ya ce in rage ci. Na riƙe maganar gam, har ina yi wa mutane wa'azi a kan kitse. Ranar Juma'a na ja Malam Sule, abokin ɗakina, zuwa gidan mandi a Ƙuba, inda ake gasa rago a rami, don ya koyi kamun kai.

Sule ya ce, "Alhaji, bari in yi magana, Larabcinka bai nuna ba."

Na ɗaga masa hannu, na ce wa mai abincin, "Nus!" Rabin faranti nake nufi.

Ya dube mu, mu biyu rak, ya ce, "Masha Allah." Na ɗauka yabona yake.

Sai ga ƙarti biyu ɗauke da tire da ƙyar. Rabin rago ne kwance bisa tudun shinkafa, kitse na ƙyalli kamar zinariya. Ban taɓa ganin kwarjini irin wannan ba. Na yi salati, na naɗe hannun riga, tunda ɓarna haramun ce.

Har yau jikokin Sule suna kirana Baba Nus. In suna zuba min shayi sai su tambaya, "Rabi, ko irin rabinka?"