Ragon Sunan da Babu Jariri

Zamanin Jihar Arewa maso Gabas ina koyarwa a Jimeta, kuma ni ne mai ilimin gidanmu a unguwar Adarawo. Kowa ya sani, ni na fi kowa sani.

Wata safiya matata Dija ta juya a kan gado, sai ta damƙe hannuna ta ce ɗaki na juyawa da ita. Haka ma in ta ɗago daga sujada. Ga yawan zufa, ga wata uku ba ta ga al'ada ba. Nan take na yanke hukunci: "Ciki ne." Autanmu ya kai shekara sha huɗu, amma wannan bai dame ni ba. Dija ta dube ni kawai.

Ranar Asabar na hau keke har ƙauyen Namtari na sayo ragon suna. Yayata, Adda Mairo, ta gan shi ta riƙe baki. "Wai Dija ce za ta haihu, ko kai?"

A asibiti nas ta ce jirin daga cikin kunne yake, al'ada kuwa shekaru ne suka ɗauke ta. Na roƙe ta ta sake dubawa. Ta ce, "Malam, je ka gida."

A hanya Dija ta riƙe gefen rigata saboda jiri, ta ce, "Tun farko na sani. Murnarka na gani, na kasa faɗa."

Ragon muka yi layya da shi. Har yau in Dija ta miƙe ta dafa bango, sai ta ce, "Malam, kada ka taɓa keken nan."