Sifilin Sarkin Aska

Ku da ba ku leƙo ɗakin maza na asibitin garinmu makon jiya ba, wallahi an yi ba ku. Ina kwance a gado na huɗu da ƙafa a ɗaure, babur ya kayar da ni, sai ga shi an gunguro Baba Barmo Sarkin Aska daga ɗakin tiyata. Aikin gwaiwa aka yi masa, aka ajiye shi a gadon da ke kusa da nawa. Duk wanda bai san Baba Barmo ba, to ba a unguwarmu aka yi masa kaciya ba. Shekara arba'in yana yawo da zabira, kuma duk yaron da ya shiga hannunsa magana ɗaya yake ji kafin aska ta sauka: "Namiji ba ya kuka!" In ka kuskura ka yi ƙara, ka shiga uku, don ko ka yi gemu in ya hango ka a kasuwa sai ya nuna ka ya ce, "Ga ragon nan." Ni kaina shekara talatin ke nan ina amsa wannan suna, kuma har yau yana ci mini rai.

Da tsohon ya farfaɗo ya waiga, sai ya ga rabin mutanen ɗakin duk ta hannunsa suka bi. Har malamin jinyar da ke kula da mu, Lurwanu, shi ma askar Baba ce ta yi masa aiki. Nan take tsohon ya tsuke fuska.

Washegari da hantsi, 'yan dubiya sun kewaye gadon, Lurwanu ya zo da wani kati mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye. Ya ce, "Baba, likita ya rubuta maka allurar kashe ciwo, amma sai na ji daga bakinka inda ciwon ya kai. Sifili babu ciwo ke nan, goma kuwa wanda ba ka taɓa jin irinsa ba. Nawa za ka ba shi?"

Baba Barmo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Sifili."

Sifilin da zufa ke tsattsafo masa a goshi, ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa sun fito.

Lurwanu ya ce, "To ƙarfen gadon nan me ya yi maka?"

"Gwada ƙwarinsa nake yi. Kayan gwamnati ba su da tabbas."

Lurwanu bai yi dariya ba. Ya auna jininsa, ya riƙe wuyan hannunsa yana duban agogo, ya ɗaga zane ya duba ɗinkin. Sannan ya ce, "Baba, jininka ya hau, numfashinka sama-sama, tari na zuwa kana haɗiye shi. Bakinka ya ce sifili, jikinka yana cewa takwas. Ba zan yi maka allura kana cewa ba ka so ba. Amma ka sani, in ba ka tashi ka taka yau ba, ka yi tari ka fitar da majina, ƙirjinka zai cushe, kuma ba maganar sallama. Da ciwon nan kuwa ba za ka iya tashi ba."

"Kai Lurwanu, ni za ka koya wa ciwo? Ni da na san ka tun ba ka da wando?"

Matarsa Inna Tabawa, wadda ke zaune a tabarma tana masa fifita, ta ce, "Haba Malam, ka faɗa wa yaron nan gaskiya mana. Tun safe kake cizon zanen gado."

"Ke, wa ya sako bakinki?"

Lurwanu ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani a takarda, ya ce zai dawo.

Bayan azahar 'yan dubiya suka watse. Tsohon ya ce bari ya nuna mana yadda maza ke tashi. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya yunƙura, sai idonsa ya kaɗa, ya koma ya zube. Sannan na ji ya yi ƙasa da murya, "Tabawa, yafito mini yaron nan."

Lurwanu ya zo ya ja labule ya kewaye gadon, don ya rufa masa asiri. Sai dai labule ido yake tarewa, ba ya tare kunne. Duk muka kasa kunne.

Muka ji Baba na raɗa, "Wannan katin naka, a goma ya tsaya?"

"A goma ya tsaya, Baba."

"To waɗanda suka yi shi ba a taɓa yi musu aikin gwaiwa ba. Kawo allurar."

Lurwanu ya je ya ɗauko allurar. Sai muka ji, "Tsaya, tsaya! Duk wannan tsinin a jikina? Babu ta haɗiya?"

"Wannan ta fi saurin aiki. Juya kaɗan."

"Wayyo Allah, Tabawa, ya kashe ni!"

Jama'a, ɗakin nan kamar an ɓare buhun dariya. Mai gado na bakwai da aka yi wa aikin ciki yana dariya yana dafe ɗinkinsa yana roƙon mu bari. Ni kuwa hawaye nake yi, shekara talatin ina jiran wannan rana.

Ba a yi rabin awa ba allura ta kama. Lurwanu ya sake kawo katinsa, Baba ya nuna uku da yatsa ba tare da ya dubi kowa ba. Aka ba shi matashi ya danne ɗinkin ya yi tarinsa, sannan Lurwanu ya tallafe shi ya miƙe, suka fara takawa a hankali. Da suka zo daidai gadona na kasa haƙuri.

Na ce, "Baba, sannu da jiki. Ashe dai namiji yana kuka?"

Ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya gyara zanensa.

"Kai rago, har gobe namiji ba ya kuka, muddin shi ke riƙe da askar."