Ƙusar Aku da Allurar Kaka

"...Lafiya ƙalau, Tsoho. Yau kuma me ya kai ka ƙasa? Haƙoranka kake nema?"

"Haƙorana suna nan garau, mai bakin aku. Tsaya nan bakin ƙofa, kada ki taka min kafet!"

Aku ta ja ta tsaya da jakar makaranta a kafaɗa. Sunan da kakan nata ya laƙaba mata ke nan tun tana 'yar mitsitsiya, don ba a taɓa ganin bakinta ya huta ba. Shi kuwa tela ne, shekara arba'in da ɗoriya a wannan shago da ke manne da gida. Yau ga shi durƙushe yana shafa kafet da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da Auta, ƙanwar Aku mai wata tara.

Uwar yaran ce ta bar masa Auta ta fita cefane, ya ajiye ta a ƙasa tana ta rarrafe. To, Tsoho yana da wata ɗabi'a da aka yi masa faɗan duniya ya ƙi bari: in zai yanka zare, sai ya maƙale allura a leɓe. Yana cikin haka atishawa ta kufce masa, allura ta yi nata wuri. Ko da ya waiga, Auta tana mamular baki. Ya buɗe bakin, bai ga komai ba sai yawu. Tun daga lokacin yake ta lalube a ƙasa, don bai sani ba ko allurar tana cikin kafet, ko tana cikin jikarsa.

Da ya gaya wa Aku, nan take ta sauke jakar daga kafaɗa. Sai ta zuge jaka, ta fito da wata doguwar ƙusa da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla, da batir guda.

"In ba mu gan ta ba nan da minti goma, asibiti za mu," in ji ta. "Amma bari mu gwada wannan. Maganaɗisun lantarki ne, yau muka haɗa a ajin kimiyya."

"Maganaɗisu? Wannan ƙusar da ta fi ni tsufa? Ashe kwasar bola ake koya muku."

"Ai ba abin da ya fi ka tsufa a unguwar nan, Tsoho. Ina jin kai ka ɗinka wa ƙusar rigar suna."

"Zan ɗinke miki bakin nan, kuma kyauta."

"Da wace allurar?"

Wannan ta shige shi. Aku ta danna bakin wayar biyu a kan batir da gindinsa, ta bi kafet da tsinin ƙusar a hankali. Wani ɗan fil ya motsa, ya ɗago kai kamar zai gaishe su, ya koma ya kwanta.

"Kin gani? Ko fil ya raina ki."

"Ba shi da ƙarfi ne. Zagaye ashirin kawai na yi, hannuna ya gaji. Malama ta ce wutar da ke bi ta wayar ita ke mai da ƙusa maganaɗisu, kuma iya yawan zagayen, iya ƙarfin jan."

"Naɗi? A gaban tela kike maganar naɗi? Karɓi yarinyar nan. Dubi yadda kika yi shi, kamar kaza ta yi tonon zare."

Ya miƙa mata Auta, ya warware wayar gaba ɗaya. Ya shiga jera zagaye kusa da zagaye, babu mai hawa kan ɗan'uwansa, ya kai ƙarshen ƙusar ya juyo ya hau layi na biyu, har wayar ta kusa ƙarewa. Aku ta saki baki tana kallo.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga."

"Mamaki nake, ashe kana da amfani."

"Ni na koya wa mai ƙera batir ɗin nan sana'a. Har yau in ya gan ni sai ya durƙusa."

"Ai dole ya durƙusa, ba ya son ka sake yin atishawa a tsaye."

Suka yi musaya, ya karɓi Auta, ta karɓi ƙusa. Wannan karon tana kai ta ƙasa sai fil uku suka yi tsalle suka manne, da wata 'yar ƙugiyar siket, da guntun reza da ya ɓace tun bara. Suka bi kafet ɗin kusurwa kusurwa, da ƙarƙashin keken ɗinki, da tarin ƙyallayen da ke gefen tebur. Allura dai babu ita.

Tsoho ya dubi Auta, tana ta wasa da maɓallin rigarsa ba ruwanta. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba.

"Aku," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "ɗora mata a ciki mu gani."

"A'a, Kaka. Wannan aikin likita ne." Ta sauke batir ɗin da ya fara ɗumi, ta hura yatsunta. "Tsaya tukuna. Da ka yi atishawar, ina ka juya?"

"Ƙasa na sunkuya, don kada in fesa wa yarinya."

"To ba ni Auta, ka zauna. Kai ne kaɗai ba a bincika ba."

"Ni za ki bi da ƙusa? Ni katako ne?"

"Ai gara katako, shi ba ya musu."

Ta zaunar da Auta a kan tebur ta tare ta da jikinta, ta mayar da wayar kan batir. Ta bi cinyarsa, ta bi aljihun gaban riga, ta bi wuya. Tana zuwa daidai haɓa sai wani abu ya yi ƙyalli ya fito daga cikin furfurar gemunsa, ya manne a ƙusar, ƙyas!

Aku ta ɗage wayar daga batir, allurar ta saki ƙusa ta faɗo a tafin hannunsa, da ɗan guntun farin zarenta.

Tsoho ya daɗe yana kallon allurar. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya yi hamdala ya sake yi, ya janyo Auta ya ƙanƙame ta a ƙirji har ta yi ƙara. Ƙwalla ta cika masa ido, bai ma ɓoye ba.

"Kuka kake, Tsoho?"

"Ƙurar kafet ce."

"A sake gwadawa mana. Ina jin almakashin da Mama ke nema yana cikin gemun nan. Wataƙila har da keken ɗinki."

Dariyar da ya daɗe yana riƙewa ta ƙwace masa, ya yi ta har da tari. Ya soke allurar can cikin matashin allurai, ya ture shi nesa, sannan ya zaro tef ɗin awo daga aljihu.

"Na sallama, kin ci ni yau. Miƙe hannu."

"Me za a yi?"

"Farar riga zan ɗinka miki, irin ta masu binciken nan, har da aljihu biyu." Ya ɗora tef ɗin a kafaɗarta. "Amma bakin nan ba zan auna shi ba, tef ɗina ba zai kai ba."